Yadda za ka ziyarci tsohon filin sukuwa na Kaduna, kuma ka ga abun da ya kai ka

Hutun da ya wuce ɗan yayata ya zo mana daga Funtuwa, yaro ne mai son doki kamar ya haɗiye shi, kwana biyu da zuwansa ya ce min Kawu wai an ce akwai filin sukuwa a garin nan tun na zamanin Turawa, ina ne? Na ce shirya mu je. Da muka isa Murtala Square ya tsaya yana ta waige-waige, ga masu gudu da kayan motsa jiki, ga yara da kekuna, ga masu ɗaukar hoto, sai ya ce Kawu ai nan wajen shaƙatawa ne, ina dawakin? Wallahi tambayar nan ta tsaya min a rai, don da yawa daga cikinmu 'yan Kaduna haka muke, kullum muna wucewa ta wajen, wasu ma duk safiyar Asabar suna can suna zagaye, amma ba mu san ƙasar da muke takawa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ake zuwa wajen nan a matsayin baƙo mai son ganin tarihi da dawaki, ko daga wani gari ka zo ko kuma a Tudun Wada aka haife ka.

Mataki na farko: ka san inda za ka tun kafin ka fita gida

Filin da muke kira Murtala Square yau, shi ne filin sukuwar Kaduna na da. Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna wajen 1917, kuma duk inda sojan Ingila da jami'in mulki suka sauka a wancan lokacin to sai sun ware fili na doki, don doki shi ne motarsu, shi ne kuma wasansu na yamma. Har gobe akwai titi a gefen wajen da ake kira Racecourse Road, sunan bai mutu ba ko da yake mutane da yawa suna faɗa ba tare da sun san ma'anarsa titin filin sukuwa ba ne. Babban titin da ake kira Muhammadu Buhari Way yanzu, tsofaffi Waff Road suka sani, kuma WAFF ɗin nan sunan rundunar sojan da Turawa suka kafa ne ta Afirka ta Yamma, ka ga kenan unguwar gaba ɗaya warin soja da doki take yi tun asali. Sunan Murtala ya biyo baya ne bayan kashe Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairu 1976.

A cikin wannan filin ne kulob ɗin ƙwallon dawaki na Kaduna yake, wato folo, wanda aka kafa a 1918. Kuma a nan ne aka yi babban hawan daba na Fabrairu 1956 lokacin da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta zo, Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiya, Gwamna kuma Sharwood-Smith ne wanda mutanenmu suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe. Sarakunan Arewa kowa ya taho da tawagarsa, wasu dawakin tafiyar kwanaki aka yi da su kafin su iso Kaduna, masu lifidi, masu sulke, 'yan bindiga, masu kakaki da algaita, kowace masarauta ta zo ta wuce ta yi jahi. An sake yin wata dabar a Kaduna a 1959 da Arewa ta samu mulkin kai, sannan ta FESTAC, wato bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977 wadda saboda baƙinta aka gina otal ɗin Durbar. In ka riƙe waɗannan a kanka kafin ka shiga, to idonka zai ga abun da na kusa da kai ba ya gani.

Abu ɗaya da zan gaya maka tun yanzu don kar ranka ya ɓaci, kar ka zo da tunanin za ka tarar da irin filin tseren da ake nunawa a talabijin na Dubai ko Ingila, da farin shinge zagaye da mahaya sanye da riguna masu ƙyalli. An sake fasalin wajen sosai a zamanin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i, Shugaba Buhari ya zo ya buɗe shi a Janairun 2022, yanzu akwai wuraren wasanni da na cin abinci da na zama. Abun da ya rage na doki shi ne filin folo da bargar dawaki da mutanen da ke kula da su, kuma a wajena su ne ainihin abun zuwa gani.

Na biyu: zaɓen lokaci, nan ne yawanci ake yin kuskure

Mu ranar farko da tsakar rana muka je, wajen ƙarfe ɗaya, shi ya sa yaron bai ga ko jelar doki ba. Doki ba ya son zafin rana kuma masu shi sun fi ka sanin haka. Lokaci biyu ne ake fito da su, da sassafe bayan sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar zuwa gab da magariba. Ni na fi son na safe. Da safe ne za ka ga ana kilisa, yaran barga suna zagayawa da dawaki, wani yana kan ɗaya yana jan biyu da hannu, ana wanke wasu, ana goge wasu, wajen shiru ba hayaniya sai ƙarar kofato da haniniya jefi-jefi, kuma a lokacin mutanen barga ba su gaji ba, sun fi sakin fuska in ka yi musu tambaya. Da yamma kuwa shi ne lokacin da masu dawakin kansu suke zuwa atisaye, to in kana son ganin ana buga ƙwallo sai ka zo bayan la'asar.

Sannan akwai maganar wata. Damina a Kaduna ba wasa ba ce, daga Mayu zuwa Oktoba, musamman Agusta da Satumba, fili yana jiƙewa ya yi santsi kuma babu mai hankalin da zai saki dokinsa a guje a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, karayar ƙafar doki ba ƙaramar asara ba ce, sau tari ma ita ce ajalinsa. Babbar gasar shekara ta kulob ɗin tana zuwa ne wajajen ƙarshen shekara bayan ruwa ya ɗauke, fili ya sha ruwa ya yi kore shar amma ya tsane, to in da hali ka daidaita zuwanka da ita. Ana sanarwa a rediyo da jaridu da shafukan kulob ɗin, ka riƙa dubawa tun daga Satumba, don ranar ba a tsaye take ba kowace shekara. In kuma cikin hunturu ka zo, Disamba ko Janairu, ka taho da rigar sanyi don safiyar filin nan iska ce ke kaɗawa ba abun da ke tare ta, da man leɓe, da takunkumi in ƙura tana damun ka. Maris da Afrilu kam sai dai asuba, zafin ba ya ɗagawa kowa ƙafa.

Na uku: hanya

Wannan ba wuya. In daga Abuja kake jirgin ƙasa zai sauke ka a Rigasa, ka sayi tikitinka ta intanet tun da wuri, daga tasha sai ka ɗauki mota zuwa cikin gari, akwai ɗan nisa kuma da yamma hanyar tana cunkushewa. In daga Zariya ko Kano ko Katsina kake, Kawo za ka sauka. Ko ta ina ka shigo dai ka ce Murtala Square, babu direban da bai sani ba, amma ka ƙara da cewa ɓangaren folo kake so, don filin yana da girma kuma ƙofa ba ɗaya ba ce, in aka sauke ka a ɗaya gefen sai ka sha tafiya. Ka yi ciniki kafin ka shiga. Ka riƙe 'yan canji a aljihu kar ka dogara da taransifa kaɗai, don mai gyaɗa da mai ruwa da yaron da zai riƙe maka doki ba kowa ke da asusu ba, ga netwok ranar taro sai a hankali.

Takalmi rufaffe za ka sa. Na ga wata baiwar Allah ta zo da takalmi mai tsini ranar gasa, duk takun da ta yi sai ya nutse a ciyawa, ga kashin doki ko ina a ɓangaren barga, silifas ma ba na ba ka shawara, don in doki ya taka maka yatsa da kofato za ka daɗe kana jinya. Hula ko malafa, ruwan sha, in da yara to tabarma ƙarama ko darduma.

Na huɗu: shiga barga, kuma dan Allah a nan ka nutsu

Wannan shi ne zuciyar ziyarar gaba ɗaya kuma a nan ne tarbiyyar mutum take fitowa. Kulob wuri ne na membobi, dawakin nan kowanne da mai shi, wasunsu kuɗinsu ya fi na motar da ka zo a ciki, saboda haka ba a kutsa kai kawai. Ka tsaya a bakin ƙofa ka yi sallama da mai gadi, ka gaya masa gaskiya, baƙo ne kai ka zo ganin dawaki, ko da wanda zai iya zagayawa da kai. In ya ce yau ba dama to ka yi godiya ka tambayi ranar da za ka dawo, kar ka tsaya musu ko ka fara ai ni wane ne. In an bar ka ka shiga, ka nemi babba a cikin masu kula da dawakin ka fara gaishe shi, Baba sannu da aiki, ya dawaki, ya iyali. Wallahi wannan gaisuwar kaɗai tana buɗe ƙofar da kuɗi ba za su buɗe ba. Dattijon da muka samu ranar da muka koma da asuba, da farko ko kallon mu bai yi ba yana ta gyaran linzami, da yaron nan ya durƙusa ya gaishe shi ya nuna wani baƙin doki ya ce Baba wancan akawal ɗin ingarma ne ko, sai ya ɗago ya ce kai ɗan ina ne ka san akawal? Daga nan hira ta ɓarke, sai da muka yi fiye da awa ɗaya.

To ga abun da za ka kiyaye a cikin barga. Kar ka taɓa bi ta bayan doki, harbinsa ba ya sallama, in dole ne ka wuce to ka ba da tazara sosai. Ta gefen kafaɗa ake tunkararsa, a hankali, kana magana ƙasa-ƙasa don ya san da zuwanka. Ka kalli kunnensa, in ya kwantar da su baya ya manne to ransa a ɓace yake, ja da baya. Kar ka miƙa masa komai ya ci sai ka tambaya, ko da rake ne ko karas, don wani dokin yana kan magani wani kuma yana cizo, in an ce ka ba shi to a tafin hannu a buɗe, yatsu a miƙe. Ka kashe filashin waya. Yara kuma a riƙe hannunsu, ba gudu ba ihu, don doki dabba ce mai saurin firgita duk girman nan nasa, leda ce iska za ta ɗauko sai ka ga ya yi tutsu.

In ka samu mai ba ka labari, tambayoyin da suke jawo magana su ne na abinci da launi da asali. Ka tambayi me yake ci, za a nuna maka dusa da harawa da gero ko dawa da kanwar da ake ba shi, ka tambayi sau nawa ake ba shi ruwa da kuma dalilin da ba a barin doki ya sha ruwa da yawa yana dawowa daga gudu jikinsa da zafi. Ka tambayi sunayen launi, nan ne za ka ji Hausar da ta kusa ɓacewa a bakin 'yan birni, akawal, kili, bidi, hurde, gunya, danda, kowanne da yadda ake gane shi da abun da mutanen da suke cewa game da halinsa. Sannan ka ce a nuna maka bambancin dokin gida da na Sudan da na Ajantina. Ko ba ka san doki ba in aka jera maka su za ka gani da idonka, na Ajantina ƙirarsa daban ce, faɗin ƙirji da cinya, shi ake sakawa a manyan wasanni, namu na gida kuma bai kai shi jiki ba amma akwai juriya da sanin ƙasa. Ni dai har yanzu dokin gida ya fi kwanta min a rai, ko don shi na taso ina gani a hawan Sallah ne.

Za ka lura dokin folo ba a yi masa ado irin na hawa. Babu jalala, babu tarkacen ado a ka, sirdin ƙarami ne mara nauyi, an aske gezarsa, an naɗe jelar an ɗaure don kar ta sarƙe da sanda, ƙafafu huɗu duk an naɗe su da bandeji saboda ƙwallo da sanda. Yaron namu ya ce Kawu kamar an tuɓe shi, dattijon ya yi dariya ya ce wancan na Sallah ango ne, wannan kuma ɗan dambe ne.

Maganar hawa. Kowa yana so a ɗauke shi hoto a kan doki, na sani. Amma kar ka roƙi yaron barga ya ɗora ka a kan dokin maigidansa a ɓoye, in wani abu ya faru shi za a kora, kai kuma ka tafi gidanku. Ka tambaya a fili ko akwai dokin da ake ba baƙi, mai sanyin hali, in akwai to a riƙe maka ragama a zagaya da kai a hankali, ta hagu ake hawa, ƙafar hagu a likkafa, kar ka ja linzami da ƙarfi kuma kar ka dunguri cikinsa da dunduniya don a wajensa wannan umarni ne na ya tashi. In ka sauka ka sallami yaron da abun da ya sawwaƙa, shi ma dattijon da ya ɓata lokacinsa a kanka ka ba shi na goro cikin mutunci, a dunƙule, ba a gaban jama'a ana ɗaga kuɗi sama ba. Mutanen nan tun asuba suke tashi, su ne suke kwana da doki in ba shi da lafiya, amma ranar ba da kofi ba kasafai ake kiran sunansu ba, wannan abun yana damuna gaskiya.

Na biyar: ka taka filin da ƙafarka

Bayan barga, in ba wasa ake ba kuma an ba ka izini, ka bi gefen filin folo ka zagaya. Tsawonsa yadi 300 ne faɗi kuma 160, sai ka tsaya a ƙarshe ɗaya ka hango ɗayan sannan za ka gane girmansa. Ka tsaya nan ka ɗan yi shiru, ka tuna mahayan 1956 da suka taho a guje da masu a ɗage suka ja linzami gab da rumfar manyan baƙi, ƙura ta turnuƙe. Ni kakana ya sha ba mu labarin ranar, yana saurayi ya biyo tawagar hakiminsu, ya ce bai taɓa ganin dawaki da yawa haka ba kuma bai sake gani ba har ya tsufa, to duk lokacin da na tsaya a filin nan shi nake tunawa.

Na shida: in ka dace da ranar gasa

Kofin da kowa yake magana shi ne Georgian Cup, kofin azurfa ne da aka ƙera a Ingila a 1785, an fara buga gasarsa a Kaduna a 1919, kuma shi ne mafi daraja a folon Najeriya, manyan ƙungiyoyi ne kawai suke shiga. Akwai kuma kofin Sarkin Katsina, kuma ba banza aka sa sunan ba, don gidan sarautar Katsina su suka ɗauki wasan nan daga hannun Turawa suka mai da shi namu, tun daga Sarki Muhammadu Dikko, zuwa ɗansa Sarki Usman Nagogo wanda gwanintarsa ta yi suna har ƙasashen waje, zuwa Janar Hassan Usman Katsina wanda ya yi gwamnan soja na Arewa a nan Kaduna kuma bai rabu da sandar folo ba. In aka fito da kofin ranar ƙarshe ka matsa ka gan shi da kyau.

Ka zo da wuri ka samu waje, kuma ka zauna bayan layin da aka shata, kar ka matsa bakin fili don neman hoto, ƙwallon tauri gare ta kuma doki a guje ba ya tsayawa nan take. Don kar ka zauna kana kallo kamar an kai ka kasuwar da ba ka jin yarenta, ga yadda abun yake a taƙaice. Kowace ƙungiya mutum huɗu ne. Ana raba wasan zango-zango, kowane zango ana ce masa chaka, minti bakwai ne, in an kaɗa ƙararrawa sai ka ga 'yan wasa sun nufi gefe a guje sun sauya doki, wani ma ba ya taka ƙasa, daga wannan sirdin sai ya tsallaka wancan, yara suna son wannan wajen sosai. Da hannun dama kawai ake riƙe sanda ko da mutum bahago ne, kuma da gefen kan sandar ake bugu. Duk lokacin da aka ci ƙwallo sai a juya, kowa ya koma cin ɗaya gidan, wannan shi ne abun da ya fi rikita sabon ɗan kallo, sai ka ji yana ta ihu wai sun ci gidansu. Alƙalai biyu ne a kan dawaki, na uku yana zaune a gefe. Mafi yawan busa usur ɗin da za ka ji kuwa saboda abu ɗaya ne, in ƙwallo ta tafi akwai layin da ta bi, wanda yake bin layin nan shi ke da hanya, ba a gitta masa a gaba don dawaki biyu in suka yi karo a guje abun ba kyau. Amma an yarda ka matse abokin hamayya kafaɗa da kafaɗa ka ture shi daga layin, an kuma yarda ka saƙale sandarsa da taka lokacin da zai buga. Kowane ɗan wasa yana da maki na ƙwarewa daga ƙasa da sifili da biyu har zuwa 10, ana haɗa na mutum huɗun ne a san ajin ƙungiya, shi ya sa za ka ji mai sanarwa yana cewa wannan wasan manya ne wancan na ƙanana.

In an tafi hutun rabin lokaci kuma aka ce jama'a su shigo fili, ka shiga, ana mayar da ciyawar da kofato ya ɓanɓaro ne a danne ta da ƙafa, al'adar wasan ce a ko ina, kuma ita ce damarka ta tsayawa a tsakiyar filin ranar gasa. Ka kula da wayarka da aljihunka a cikin cunkoso. Ka kuma yi alwala da wuri don wasan yamma yakan kai gab da magariba, ana tashi kowa yana neman ruwa lokaci ɗaya.

Na bakwai: tunda ka riga ka fito

In da safe ka je, wajen ƙarfe goma ka gama da dawaki, to kar ka koma gida tukuna don sauran labarin yana nan kusa. Lugard Hall yana kan Independence Way, nan ne majalisar Arewa ta zauna a da, yanzu kuma majalisar dokokin jiha ce, ko daga waje ka tsaya ka ga ƙubbar ginin ya isa, amma ka tambayi jami'an tsaro kafin ka ɗaga waya. Daga nan ka wuce Arewa House a Rabah Road, gidan Sardauna ne, yanzu cibiyar tarihi ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai hotuna da kayan tarihi, a nan ne fuskokin mutanen da ka ji sunansu a filin za su fito maka. Gidan tarihi na ƙasa yana kan Ali Akilu Road. In azahar ta same ka a wajen, Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki ba nisa. Mai sauran ƙarfi kuma da yamma ya gangara wurin shaƙatawa na Gamji a bakin kogi ya ga gadar ƙarfen Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. Wanda kuma dawakin ba su ishe shi ba, akwai wani kulob ɗin folo mai suna Fifth Chukker a wajen gari ta hanyar Jos, wajen Maraban Jos, shi na zamani ne kuma sai ka tuntuɓe su kafin ka kama hanya, a ware masa rana daban.

Mu dai ranar a Arewa House muka ƙare, yaron yana ta bin hotuna ɗaya bayan ɗaya yana neman inda doki ya fito. Da za mu tafi ya ce Kawu gobe ma da asuba za mu koma, Baba ya ce in na zo da wuri zai bar ni in riƙe bokiti in ana wanke akawal ɗin. Sai da muka koma sau huɗu kafin hutunsa ya ƙare, na huɗun ma shi ya tashe ni tun ba a kira sallah ba.